Garin creatine: abin da na gani bayan robar farko ta ƙare

Robar da na saya ta creatine monohydrate ce, wato ainihin nau'in garin da masu ɗaga ƙarfe ke sha don ƙarin ƙarfin tsoka, giram 300, farin gari zalla, ba ɗanɗano ba ƙamshi. Mai shagon ya so ya cusa min wata mai ɗanɗanon lemo da aka rubuta HCL a jikinta, wato wani nau'in creatine daban, wadda ta fi tawa tsada nesa ba kusa ba, yana ta cewa, "Yallaɓai, wannan ce ake yayi." Na ƙi. Kusan duk binciken da aka yi a kan creatine, monohydrate aka gwada, kuma har yau ba a nuna masu tsadar sun fi shi aiki ba.

Garin ba ya son ruwan sanyi. Ka yi ta juyawa, ƙarshe ka tarar ya kwanta a gindin kofi kamar yashi, sai ka ƙara ruwa ka ɗauraye ka shanye. A ruwan ɗumi ko cikin kunu ya fi narkewa. Murfin ma sai an ɗaure shi tam, in ba haka ba danshin damina ya dunƙule garin.

Masu ɗaga ƙarfe da yawa suna farawa da giram 20 a rana, a raba huɗu, na kwana 5 zuwa 7, don tsoka ta cika da wuri. Ni giram 5 nake sha kullum tun farko. A haka ma tana cika, sai dai ta ɗauki mako 3 zuwa 4. Wani abokin atisayena ya zuba giram 20 ɗin a kofi guda ya kwankwaɗe, ranar shi da bayi suka wuni.

Sikeli ne ya fara magana: na ƙara wajen kilo ɗaya. Ruwa ne tsoka ta ja ta riƙe, kada wani ya ruɗe ka wai nama ka yi cikin mako. Amfanin gaske a ƙarshen zagayen ɗaga ƙarfe na gan shi, inda a da hannu ke mutuwa, yanzu ina ƙara ɗagawa ɗaya ko biyu. Kusan kashi 95 cikin 100 na creatine ɗin jiki a tsoka yake, kuma aikinsa mayar da kuzari cikin gaggawa lokacin aikin ƙarfi na 'yan daƙiƙu. Wannan ɗan ƙarin ne ke taruwa wata da watanni ya zama ƙwanji. Wanda ba ya ɗaga komai, ba ya cin abincin kirki, kuɗinsa kawai ya zubar.

Da Hajiyarmu ta ga robar cewa ta yi, "Kai, ba irin wannan ne ke kashe wa yara ƙoda ba?" Tana haɗa shi da allurar kumbura jiki, alhali ba danginsu ɗaya ba. Hanta da ƙoda suna haɗa wajen giram 1 na creatine kullum, akwai shi a nama da kifi, a nama ma wani masani ɗan Faransa, Chevreul, ya fara gano shi a 1832. Sai dai kafin ka samu giram 5 sai ka cinye kusan kilo guda na naman sa. Hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ba ta haramta shi ba, kuma binciken da aka yi a kan masu lafiya bai nuna yana lalata ƙoda ba. Amma yana iya ɗaga adadin creatinine a gwajin jini, wanda da shi ake auna aikin ƙoda. Saboda haka ka gaya wa likita kana sha kafin a ɗebi jininka, kada a tsorata ka a banza. Mai ciwon ƙoda kuwa, ko mai ciwon suga da hawan jini, ko mai juna biyu, kada ya taɓa sai likita ya yarda.

Maganar da ake yi cewa creatine yana kawo sanƙo daga wani bincike ta samo asali, wanda aka yi a 2009 kan 'yan wasan rugby a Afirka ta Kudu. Sinadarin DHT na jiki, wanda ake dangantawa da zubewar gashi, aka ga ya ƙaru, ba a ƙirga gashin kowa ba.

Na zaɓi gari a kan kafso ne saboda ɓawon kafso galibi na gelatin ne, ba kullum ake faɗin dabbar da aka samo shi ba. Da azumi bayan buɗa baki nake sha, tunda lokacin shan ba shi da wani tasiri, sha kullum ɗin ne abin kula.

Zan sake saye, babbar roba wannan karon. Sharaɗina in ga hatimin murfi bai fashe ba, in duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Wanda ake aunawa a leda kuwa, ko kyauta aka ba ni ba na so.