Shagon tsohon malamin gona a Kura, ga mai shirin fara lambu

Duk wanda ya karɓi hayar fili a yankin Kura, Bunkure ko Garun Malam da niyyar noman rani, alhali bai taɓa riƙe fartanya da sunan sana'a ba, ina ba shi shawara kada ya sayi ko ƙwayar iri ɗaya sai ya zauna a bencin wani shagon kayan noma da ke bakin titin Kano zuwa Zariya, cikin garin Kura. Shagon ba shi da allo, sai hotunan kamfanonin iri da rana ta cinye launinsu. Ka ce wa ɗan acaɓa ya kai ka shagon malamin gona, zai sauke ka a ƙofa. Mai shi dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin malamin gona, kuma har yau halin aikin bai sake shi ba. Tambaya yake fara yi kafin a zo maganar ciniki.

Ni ma'aikaci ne a birni, Asabar da Lahadi kaɗai nake da su. Filin da na samu rubu'in eka ne, hayar rani ɗaya, a hannun wani ɗan'uwan surukina. Na shiga shagon da takarda a aljihu: tumatir, attaruhu, albasa, kabeji, karas, kankana, har da injin ban-ruwa. Baba ya karanta, ya ninke ta, ya miƙo mini.

"Malam, filin naka kusa da babbar hanyar ruwa yake, ko can ƙarshen layi?"

Na ce a ƙarshe yake. Ya ce to daga nan lissafi zai fara. Ruwan da ake noma da shi a yankin daga madatsar Tiga yake gangarowa, wadda aka kammala a 1974, kuma da kansa yake bin magudanai ba tare da inji ba. Na farkon layi su ke fara ɗiba. Na ƙarshe sai ya jira, wani lokaci har dare, musamman inda ciyawar kacala ta toshe hanya. Sai ya ci gaba: wa zai yi ban-ruwa ranar Laraba ina ofis? Me aka shuka a wurin bara? Akwai inda ruwa ke kwanciya? Na ga farin kanwa-kanwa a saman ƙasar? Ya ce in koma in zagaya filin da ƙafa, in ƙirga taku a tsawo da faɗi, in haƙa rami kamar kamu biyu in ga ko yashi ne a ƙasa ko laka, in kuma gaisa da maƙwabtan gona in ji ranakun da ruwa ke iso musu. Ranar bai sayar mini da komai ba. Ruwan leda ma shi ya saya mini.

Da na dawo da amsoshi, a bayan wani kwalin maganin feshi ya zana mini filin, kuma wannan zanen shi ne abu mafi daraja da na fita da shi daga shagon, ga shi kyauta. Kabeji, karas da kankana ya soke su, ya ce sai baɗi idan Allah ya kai mu. Rabin filin ya ba albasa. Dalilinsa ya zauna mini: albasa tana jira, tumatir ba ya jira. In ka cire albasa ka shanya ta da kyau, kana iya ajiye ta har kasuwa ta gyaru. Tumatir kuwa ranar da ya nuna ranar za ka rabu da shi, kuma duk wanda ya taɓa bi ta kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan a watan Fabrairu ko Maris ya ga yadda kwanduna ke jere, dillalai na taya su yadda suka ga dama. Mai zuwa gona sau biyu a mako ba shi da ƙarfin wannan kokawar.

Duk da haka ya bar wa tumatir kashi ɗaya cikin huɗu, don in koya. Sai dai ya ɗauke shi daga gabashin filin, inda aka yi attaruhu bara. Ya ce tumatir, attaruhu, tattasai da gauta 'yan gida ɗaya ne, ciwonsu ɗaya, kuma tsutsar da ke sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli tana nan cikin ƙasa tana jiran ɗan'uwan wanda ya tafi. Bakin da ruwa ke shigowa ya ware wa alayyahu da latas. Alayyahu cikin mako uku zuwa huɗu an fara yanka, kuɗinsa shi zai riƙa biyan yaron da zai yi mini ban-ruwa a tsakiyar mako. Ya bar kusurwa ɗaya don renon iri, ya kuma ja layin hanya a tsakiya, abin da ni ko a mafarki ban tuna da shi ba, don kada a riƙa tattaka fangali ana ɗauke da buhu.

A kan fangali ya daɗe yana magana. Ya ce sabon shiga yana son manya don aiki ya yi sauri, amma babban fangali ba ya daidaituwa: gefe ɗaya ya sha ruwa har ya ruɓe, ɗaya gefen na ƙishi. A yi su ƙanana, a baje da manjagara, a saki ruwa sau ɗaya kafin dashe a ga inda ya taru. Haka ya tsara mini lokaci ma. Irin albasa na yin mako shida ko fiye a wurin reno, na tumatir mako uku zuwa huɗu, saboda haka albasa za a fara zubawa. Tumatir kuma a dasa shi ya yi fure cikin hunturu, domin da zarar zafin bazara ya shigo furen zubewa yake yi.

Kayan da na saya a ƙarshe ba su da yawa. Fartanya da manjagara na maƙeran gida, masu nauyi, har yanzu ƙotar ba ta motsa ba. Irin tumatir UC82B, wanda aka saba da shi a yankin, mai tauri da jure hanya. Kafin ya karɓi kuɗin irin albasa ya ce in ɗebi 'yan ƙwayoyi in naɗe a jiƙaƙƙen tsumma in ga nawa za su tsiro, in bai yi ba in dawo da shi. Ya tsiro. Taki kuma bai bari na ɗauki buhu mai kilo 50 ba. Ya ce in fara neman ruɓaɓɓen kashin kaji, wanda ya huce, in haɗa da ƙasa, sannan ya auna mini kamfa 15-15-15 da yuriya a kwano daidai filin. Injin ban-ruwa ya hana ni saye. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, in ji shi, injin kan rubu'in eka cin riba kawai zai yi. In ruwa ya yi jinkiri in yi hayar na maƙwabci na 'yan awoyi. Hakan na yi, kuma ya isa.

Maganar sharon ce kaɗai na ga fuskarsa ta canza. Wannan ƙwaron da ya cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016 bai tafi ko'ina ba. Ya nuna mini ganyen da tsutsar ta yi wa rami a ciki, ya ce in riƙa duba bayan ganye duk zuwa, in tsinke wanda ya kamu in binne. In feshi ya zama dole, kada a nace wa magani iri ɗaya, don ƙwaron sabawa yake yi. Ya koya mini duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwalba, da kwanakin da aka rubuta a jira kafin a tsinki amfani bayan feshi. Ban taɓa jin wani mai shago ya ambaci wannan na ƙarshen ba.

To, ga inda shagon ya gaza. Na farko, duk abin da na yaba yana tare da Baba ne, ba ya cikin kantocin. Bayan azahar yakan tafi gida, wani matashi ya zauna, shi kuwa duk abin da ka nuna zai ɗauko maka, har ya ƙara da wata kwalbar da ba ka tambaya ba. A hannunsa na sayi famfon feshi mai lita 16, na goyo, wanda tun feshin farko yake tsiyaya a bayana. Baba ya sauya robar bakin, ya ragu, amma bai daina ba, kuma ba a karɓe shi ba. Abin da ya fi ba ni haushi, shagon da ke sayar da guba iri-iri ba ya ajiye safar hannu ko takunkumi ko guda. Sai da na nemo su a birni.

Na biyu, ajiya. Gwangwanayen iri suna kan kantar da rana ke duka da yamma, buhun yuriya da ake aunawa a buɗe yake har ya fara dunƙulewa. Mutumin da ya san cewa zafi na kashe iri bai kamata a ga haka a shagonsa ba, na kuma faɗa masa. Dariya ya yi, ya ce, "Ɗan birni, kayana ba sa kwana." Wasu suna kwana, na ga ƙura a kansu.

Farashinsa ya ɗan ɗara na kasuwa, ba ya ragi, ba ya ba da rasit. Haƙuri ma sai ka zo da shi, don yana iya shafe rabin awa da manomi ɗaya kana tsaye. Sannan akwai ra'ayin da ban bi shi a kai ba. Ba ya son irin tumatir na zamani masu tsada, waɗanda ba a ajiye 'ya'yansu a sake shukawa. Yana ganin asarar kuɗi ce ga talaka. Maƙwabcina ya shuka irin waɗannan, na ga yadda suka yi 'ya'ya, suka kuma daɗe ana tsinka bayan nawa sun ƙare. Ga mai koyo a ranin farko, Baba na da gaskiya, gara ka yi gwaji da iri mai sauƙin kuɗi. Daga rani na biyu kuwa zan raba fangalin tumatir biyu in gwada da kaina, kuma wancan irin a wani wuri zan saye shi.

Mai niyyar zuwa ya je da safe, tun cikin Agusta ko farkon Satumba, kafin manoma su yi masa yawa. Ya tafi da awon filinsa, da sunan abin da aka shuka a wurin bara, da ƙasa cikin leda daga wurare biyu ko uku. Baba zai jiƙa ta, ya murza a tafin hannu, daga nan ya fara zane. A riƙe tsabar kuɗi a hannu, domin ba ya karɓar tiransifa.