Fanshon CNPS, shanu ko gidan haya: lissafin da ya kamata ka yi kafin ka zaɓa

Kawuna ya shekara goma sha ɗaya yana tuƙa babbar mota tsakanin Garwa da Ngawundare a wani kamfani. Da ƙarfi ya fara ja baya, sai ya ce in raka shi ofishin CNPS, asusun da ke biyan fanshon ma'aikatan da ba na gwamnati ba a Kamaru. Ya zo da takardunsa a cikin leda, duk sun yi laushi saboda ninki. Da aka duba, wata 96 kacal aka samu a sunansa. Shekara uku ana yankar albashinsa ba a kai wa asusun. A bakin ƙofa ya ce mini, "Ɗana, da na sani da shanu na saya." Tun ranar nake auna maganar nan.

Ga yadda fanshon yake. Sai ka cika shekara 60, ka zuba kuɗi na wata 180, wato shekara sha biyar, wata 60 daga ciki a shekaru goma na ƙarshe, kuma rajistarka ta kai shekara 20. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mutane ke mantawa. Wanda ya yi rajista yana ɗan 45, ko ya cika watanninsa, shekarun rajistarsa ba za su cika a 60 ba. Abin da ake biya kashi 30 cikin ɗari ne na matsakaicin albashinka na shekarun ƙarshe, kuma duk shekarar da ka ƙara bayan sha biyar ɗin nan ana ƙara kashi 1.

Tun 2014 aka buɗe wa masu zaman kansu ƙofa: tela, mahauci, ɗan acaɓa, mai shago a babbar kasuwar Marwa. Kai za ka faɗi abin da kake samu a wata, ka riƙa zuba kashi 8.4 cikin ɗari. Ma'aikacin kamfani rabi yake biya, mai kamfani rabi. Kai kuwa duka a wuyanka. A ce ka rubuta sefa 100,000. Kowane wata 8,400 ke nan. A shekara sha biyar ka zuba 1,512,000, fanshonka 30,000 a wata. Cikin shekara huɗu da 'yan watanni ka ci kuɗinka, sauran kuma na tafiya iya tsawon rai. Idan ka shekara ashirin kana zubi, 35,000 ne.

Wanda bai kai wata 180 ba, kamar kawuna, dunƙule ake ba shi sau ɗaya: albashin wata guda a kan kowace shekarar zubi. Shekara goma a kan 100,000 miliyan ɗaya ke nan, kusan abin da mai zaman kansa ya zuba. Ba a cuce shi ba, amma kuɗin dunƙule a gidan Bahaushe ba ya daɗewa, ga biki, ga suna, ga ɗan'uwa a asibiti. Akwai kuma damar karɓa tun daga shekara 50 ga wanda ya cika sharuɗɗan ya ajiye aikin albashi. Ni ba na ba mai lafiya shawarar yin gaggawa, don kason da zai ƙaru masa ya tsaya ke nan.

Shanu fa? Suna haihuwa, kuma ranar larura ka kai kasuwa ka dawo da kuɗi, abin da fansho ba ya yi. Sai dai ga cuta, ga tsadar abinci da rani, ga ɓarayi da masu garkuwa da makiyaya da suka addabi yankin Adamawa. Tsoho ba ya bin sawun garke. Gidan haya ya fi kwanciyar hankali kuma magada za su gāda, amma yana son jari mai kauri tun farko, ga gyaran rufi duk damina. Adashi kuwa na jari ne da hidima, ba na tsufa ba.

A ganina, wanda bai wuce arba'in ba ya yi rajista yanzu, ya rubuta abin da zai iya biya ko a watan da kasuwa ta mutu, rarar ya sa a dabba. Wanda ya haura hamsin bai taɓa zubi ba, fili ko ɗakunan haya sun fi masa. Ma'aikatan gwamnati nasu daban ne, baitulmali ke biyansu, kuma tun 2021 masu matakin A da B a 60 suke ajiye aiki, C da D a 55.

Abu guda nake roƙon magidanta. Idan mai fansho ya rasu, matarsa na da rabin fanshon, in suna da yawa su raba daidai, marayu ma da kasonsu. Amma takardar aure ta ofishin magajin gari ake tambaya, da takardun haihuwar yara. Auren da aka ɗaura a masallaci da goro da shaidu kaɗai ba ya cikin takardunsu. Kawu ya yi wa matansa biyu tasu bayan sallar layya, ni kuma duk shekara ina zuwa a buga mini lissafin watannina.