Hitar ruwa ta motar kwana: wacce ce ke jure hunturun Turai da Amurka?

Mai neman motar kwana, irin mai gado da kicin da banɗaki a ciki, yakan tsaya duba inji da taya, ya manta da hitar ruwa. Alhali ita sanyi ke fara kashewa. Ruwa idan ya daskare yakan ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, kamar kwalbar lemon da aka manta a firiza. Dare ɗaya ƙasa da digiri 0 ya isa ya tsaga tanki ko bututu, kuma ba za ka gane ba sai ƙanƙarar ta narke, ruwa ya jiƙa katakon ƙasan mota.

Wadda aka fi gani a Amurka ita ce mai tanki, galan 6 ko 10, ta kamfanin Suburban ko Dometic. Tana da sauƙin kuɗi da sauƙin gyara. Aibinta a jikin bangon mota take, fuskarta a waje, iska na dukanta. Muddin tana kunne ba ta daskarewa, amma ranar da za ka ajiye mota dole ka zare toshiyarta ka tsiyaye ruwan tas. Ka kuma tabbatar akwai bawul ɗin da ke kewaye tankin, don kada maganin hana daskarewa da ake ɗura wa bututun ruwa idan za a ajiye mota ya tafi wajen cika shi. Maganin nan mai ruwan hoda ake sawa. Na lagireto guba ne, kada ya kusanci ruwan sha.

Marar tanki, irin Girard ko Truma AquaGo, ita 'yan kasuwa suka fi kurantawa: wai ruwan zafi ba ya yankewa. Da rani haka ne. Amma yi lissafi: ruwan da ya shigo a digiri 20 ƙarin 20 yake bukata ya kai na wanka, wanda ya shigo a 5 kuwa sai 35. Wutar guda ce, don haka ko ka rage famfo ko ka yi wanka da ɗumi-ɗumi. Siraran bututunta kuma sun fi tanki saurin daskarewa, kariyarta na dogara da batir, batir kuma rauni yake yi a sanyi.

Ni dai idan za ka kwana a mota cikin hunturu, Truma Combi ta Jamus nake ba da shawara. A cikin ɗaki take, tana ɗumama iska da ruwa lita 10 a tare. Tana da bawul da ke buɗe kansa ya zubar da ruwan idan sanyi ya sauka wajen digiri 3, ba ya ko bukatar lantarki. Za ka iya tashi da asuba ka tarar babu ruwan alwala, amma tanki lafiya lau. Alde ta Suwidin ta fi ta daɗin ɗumi, sai dai tsada da nauyi.

Kafin ka biya, tambayi wane gas take sha. Butane ba ya tashi daga tukunya da zarar an kai digiri 0, propane kuwa yana aiki har kusan 42 ƙasa da sifili. Mai yawon tsallaka ƙasashen Turai gara ya nemi mai dizal, domin kan tukunyar gas ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Idan motar ta hannu ce, sa a cika ruwa a kunna famfo a gabanka, ka leƙa ƙarƙashin hitar da tocila ko akwai danshi.