micro:bit ko Arduino Uno: wanne ya fi dacewa da yara masu gina tashar auna yanayi?

Malama, kin ce yaranki 'yan shekara 10 zuwa 13 ne, kina so ki koya musu kodin ta hanyar gina ƙaramar tashar auna yanayi, kuma kina tambaya wanne za ki ɗauka tsakanin micro:bit da Arduino Uno. A ganina, ga yara masu waɗannan shekaru, micro:bit za ki fara da shi.

Shi micro:bit ƙaramin allon kwamfuta ne, kuma tun asali don yara aka ƙera shi. BBC ce ta raba shi ga ɗalibai 'yan shekara 11 zuwa 12 a Birtaniya a 2016. A jikinsa akwai ƙananan fitilu 25, maɓallai biyu, kamfas da abin auna zafi, kuma fitilun da kansu suna gane ƙarfin haske. Yaro zai buɗe MakeCode, shafin da ake tsara wa allon umarni, ya ja tubalan umarni ya jera su, kafin a tashi darasin farko ya ga lambar zafin ɗaki tana wucewa a kan fitilun. In ya ƙware, sai ya koma yaren kodin na Python a kan allon nan dai.

Arduino kuwa a garin Ivrea na Italiya ya samo asali a 2005, kuma manyan ɗalibai aka yi wa shi. Uno, ɗaya daga cikin allunansa, ba ya zuwa da sensa, wato abin aunawa, ko ɗaya. Duk abin da za a auna sai an sayo an jona da waya, yarensa kuma C++ ne, inda mantuwar waƙafi mai ruwa ɗaya tak za ta hana komai tafiya. Idan abu ya ƙi aiki, yaro ba zai san ko daga rubutunsa ba ne ko wata waya ce ta saki, kuma in aji ya cika, ke ce za ki yi ta zagaye kina duba wayoyi maimakon koyarwa.

To amma fa akwai abin da ya kamata ki sani tun yanzu. Abin auna zafin micro:bit a cikin ƙwaƙwalwar allon yake, don haka zafin jikin allon yake faɗa, wanda kan ɗara na iskar wurin. Danshin iska da matsinta kuwa ba ya auna su sam. Saboda haka, ko wanne kika zaɓa, sai kin nemi sensa na waje. Sensan DHT11 mai auna zafi da danshi ya fi araha, amma kuskurensa na iya kai digiri 2, kuma bai iya karanta danshin da ya gaza kashi 20 cikin ɗari ba. BME280 na kamfanin Bosch ya fi shi nesa ba kusa ba, domin shi kaɗai yana auna zafi, danshi da matsin iska. Ki dai duba rubutun da kyau, akwai BMP280 mai kama da shi wanda ba ya auna danshi. A micro:bit, jona BME280 na buƙatar ƙarin allon da ake cusa shi ciki, domin ƙafafun 19 da 20 da ake jona shi a kansu sirara ne, matsi mai bakin kada ba ya kama su. A Uno kuma ki tabbatar sensan da kika saya yana jure volt 5.

Inda Arduino ya yi zarra shi ne yawan wuraren jona kaya: ƙafafu 14 na kunna da kashewa, da 6 na karanta ma'auni. Ma'aunin ruwan sama mai cokali biyu da ke juyewa in ya cika, da farfelar auna gudun iska mai maganaɗisu, duk za su hau kansa lokaci guda. Zanensa kuma a buɗe yake, shi ya sa kwafinsa masu sauƙin kuɗi suka yawaita. Yaron da ya haura shekara 14 kuma yake son sanin yadda lantarki ke tafiya, nan zai fi ƙaruwa.

Wajen adana bayanai micro:bit ya sake shiga gaba. Sigarsa ta biyu, wadda ta fito a 2020, tana ajiye ma'aunai a cikinta, a buɗe su a kwamfuta a ga jadawali. Yana da rediyo kuma, sai a bar ɗaya a waje yana turo wa na cikin aji. Uno sai kin ƙara masa wurin katin ajiya da agogo, in ba haka ba ba zai san ƙarfe nawa ya ɗauki ma'auni ba.

Akwai kuma Raspberry Pi Pico W, wani ƙaramin allo mai Wi-Fi, na 2022, wanda ya dace da masu son ganin sakamakonsu a intanet, amma wannan mataki na gaba ne.

Ko wanne kika ɗauka, kada sensan zafi ya zauna a rana ko a jikin bango. Ki sa yaran su yi masa farin akwati mai tagogin da iska ke ratsawa, su ɗaga shi kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa, sannan su rataye ma'aunin zafi na gilashi a gefensa su riƙa gwada lambobin biyu kowace safiya.