RA ko TA: wanne ya fi wa nas mai neman digirgir a Amurka?

Nas ɗin da ta gama digirin farko a ABU ko BUK ko Danfodiyo, ta fara leƙen jami'o'in Amurka, abin da ke fara kashe mata jiki shi ne kuɗin makaranta. Alhali da yawa daga masu PhD a fannin jinya ba daga aljihunsu suke biya ba. Jami'a ce ke ɗaukar ki aikin sa'o'i 20 a mako, ta yafe miki kuɗin karatu, ta riƙa ba ki alawus, sau da yawa har da inshorar lafiya. Sa'o'i 20 ɗin nan kuwa iyakar abin da bizar ɗalibi ta F-1 ta yarda ki yi ke nan lokacin da ake karatu. Aikin iri biyu ne: mataimakiyar bincike, wato RA, ko mataimakiyar koyarwa, TA. ('Yan'uwa maza a yi haƙuri da "ki", maganar ta shafe ku duka.)

Tun kafin zaɓi, ki san cewa kuɗin nan a PhD ya fi taruwa. DNP, wato digirgir na aikin jinya a aikace, da digiri na biyu, akasari da kuɗinki za ki yi. Takardar RN (ta zama nas mai rajista) ta makarantar koyon jinya ita kaɗai kuma ba ta kai ki ko'ina, sai da digiri.

Ni dai RA na zaɓa, kuma ita nake nuna wa duk wadda ta tambaye ni. Farfesa ce ta samu kuɗin bincike, misali daga NINR, cibiyar binciken jinya da ke ƙarƙashin NIH (hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka) tun 1993 a matsayin cikakkiyar cibiya, sai ta ɗebi wani kaso ta biya ki. Ke za ki nemo marasa lafiyar da za su shiga binciken, ki yi musu tambayoyi, ki zuba bayanai a manhajar REDCap, ki tace su da manhajar lissafi ta SPSS ko R, ki bi takardun kwamitin ɗa'a har a sa hannu. Duk wannan shi ne ainihin abin da za a nema daga gare ki ranar da kika zo rubuta kundinki. Wato ana biyan ki ne ki koyi abin da kika je koyo. In kika yi dace da shugaba ta gari, sunanki zai fito a mujallu tun kina shekara ta biyu, wataƙila ma daga bayanan da kika tara ki ciro kundin naki. Wasiƙar shaidar da za ta rubuta miki kuma ta wadda ta ga aikinki da idonta ce, ba ta wadda ta san ki a aji kawai ba. Sannan in aikin bai kai ga taɓa majinyaci ba, galibi ba a neman lasisin Amurka.

Aibinta ɗaya ne, amma babba: rayuwarki na rataye da mutum ɗaya da kuɗinsa. A 2025 NIH ta soke tallafin bincike da dama ana tsakiyar aiki. Don haka ki tambaya ƙiri-ƙiri yaushe tallafin zai ƙare, kuma in ya yanke wa zai ɗauki nauyinki.

TA kuwa makin takardu ne da tsaron ɗakin gwaji, ga gwajin Turancin baka da jami'o'i da yawa ke yi wa baƙi, kuma ba za a ba ki ɗalibai ki kai su asibiti ba sai kin ci NCLEX-RN, jarrabawar lasisin nas ta Amurka, kin samu lasisin jihar. Mai son koyarwa ta yi zango ɗaya ko biyu, ya isa. Tallafin horo na NIH, wato T32 da F31, da bashin NFLP na masu shirin koyar da jinya da ake yafe kashi 85 cikin 100, kada ki ɓata lokaci, na 'yan ƙasa ne da masu katin zama na dindindin. Aikin ofis da ake biya da awa kuma bai yafe ko sisi na kuɗin karatu.

Ma'aunin da na fi riƙewa shi ne wata nawa ake biya. Na taɓa riƙe takardar ɗauka mai kyan gani, ashe ta wata 9 ce. Mayu na ƙarewa alawus ya tsaya, mai gida bai san da hutu ba. Ga kuɗaɗen gefe da yafiyar ba ta rufe ba, na kwamfuta, na motsa jiki, na ɗaliban ƙasashen waje, su ma suka ci rabonsu tun farkon zango. RA ta fi yawan zuwa da wata 12, domin bincike ba ya hutu, amma kada ki ɗauka, ki gani a rubuce: wata nawa, shekara nawa, yafiya duka ko rabi, inshora ta rufe miji da yara ko a'a, nawa zai rage bayan haraji. Ba a cinikin biri a sama.

Sai 'yan damfara, waɗanda sun fi jami'o'in yawa a WhatsApp da Facebook. Ba a sayar da RA ko TA. Duk ejan da ya ce ki turo kuɗi ya "kama miki gurbi", ɓarawo ne, ko da ya sa kwat ya buɗe ofis. Kuɗin neman gurbi jami'a ake biya kai tsaye, dala 350 ta SEVIS (rajistar ɗaliban ƙasashen waje) kuma gwamnatin Amurka, bayan kin karɓi I-20, takardar da makaranta ke ba ki don neman bizar ɗalibi. Akwai masu aron sunan farfesa na gaske, su rubuto daga Gmail cewa an ɗauke ki ba tare da hira ba, sai ki fara tura kuɗin kayan aiki. Ki nemo adireshin farfesar a shafin jami'a mai ƙarewa da .edu, ki tambaye ta da kanki. In ana matsa miki ki amsa cikin kwana biyu, ki tsargu: ɗaruruwan jami'o'in Amurka sun sa hannu a yarjejeniyar da ta ba ɗalibi har 15 ga Afrilu ya amsa tayin tallafi.

Mafi muni su ne masu "gyara takardu". A Janairun 2023 hukumomin Amurka suka bankaɗo takardun jinya na jabu sama da 7,600 da aka sayar ta wasu makarantu uku a Filorida, aka bi masu su jiha-jiha ana ƙwace lasisi. Wanda ya ƙara miki maki ko ya ƙirƙiro miki wasiƙar shaida, shi zai kwana lafiya da kuɗinki, ke ce sunanki ke kan takardar. Haka mai rubuta miki bayanin manufarki: ranar hira ta Zoom, tambaya biyu za ta tona. Ki kuma duba ko kwasa-kwasan jinyar makarantar na da shaidar hukumomin tantancewa na CCNE ko ACEN, da kuma ko tana cikin jerin waɗanda aka yarda su ba da I-20.

Biza ma ta zama kasuwarsu. A 2025 Amurka ta taƙaita shigar 'yan Chadi da Sudan, daga baya ta haɗa da Nijar da Nijeriya, har bizar ɗalibai ta shafa. Kafin ki biya kuɗin jarrabawar Turanci ta TOEFL ko na tantance takardu, ki karanta sanarwar ofishin jakadanci ta wannan makon, ki kuma tambayi jami'ar ko za ta ajiye miki gurbin da tallafinsa zuwa baɗi. Wanda ya ce yana da mutum a ofishin jakadanci, ki toshe lambarsa.