Bututun janye ruwa mai huji: ina yake aiki, ina yake ba da kunya a damina mai yawan ruwa

Duk mai sana'ar gyaran fili da shuka ciyawar ado ya san kiran da ke yawaita idan ruwa ya ƙi ɗaukewa: fili ya zama fadama, ciyawa ta yi ɗorawa, injin yanka yana nutsewa yana barin sawu. Abin da aka fi saurin saya a irin wannan lokaci shi ne baƙin bututun roba mai gaɓa-gaɓa, mai faɗin milimita 100, wato inci 4, wanda aka tsattsaga jikinsa don ruwa ya shiga. Yakan zo a naɗe, mita 25 ko 50, wani tsirara, wani sanye da siririyar rigar yadi. Ra'ayinmu a kansa shi ne kaya ne mai kyau, amma ana ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa.

Alherinsa a fili yake. Mutum ɗaya zai ɗauki naɗi guda, wuƙa tana yanka shi, kuma yana bin kwana ba tare da an sa gwiwa ba, don haka ana iya kewaye bishiya ko kwamin fure. A daminar da ranakun aiki suka yi kaɗan, wannan saurin kuɗi ne a aljihun mai sana'a.

Sai dai laushin nan nasa shi ne kuma lagonsa. Bututun yana kwanciya ne yadda gindin rami yake. In akwai ɗan kwari ko da na santimita 3, nan zai lotsa, ruwa ya tsaya, laka ta kwanta a cikin gaɓoɓin, a hankali hanya ta toshe. Bututun PVC mai tauri yana tsallake irin wannan kwarin, kuma cikinsa sumul ne. Saboda haka ga mai gaɓa-gaɓa, gangarar santimita 1 a kowace mita ita ce mafi ƙaranci, wato rami mai tsawon mita 20 ya sauka da santimita 20. In fili ya ba da dama, a kai santimita 2. A auna da igiya da tiyon ruwa, kada a yarda da ido. Wani abin lura kuma: in rami ya tara ruwa bututun yana tasowa sama don ba shi da nauyi, sai a riƙa danne shi da shebur ɗin tsakuwa duk bayan mita ɗaya.

Batun rigar yadin ne ya fi jawo asara. Masu saye da yawa suna ɗauka rigar ta ɗauke musu wahalar tsakuwa, sai su jefa bututu a rami su mayar da ƙasa. A ƙasa mai yashi hakan kan yi aiki, domin rigar tana hana yashi shiga. A ƙasar yumɓu kuwa, ƙananan ƙwayoyin laka ne ke manne wa yadin har ya zama kamar an shafe shi da siminti, ruwa yana kwance a sama bututu yana bushe a ƙasa. A irin wannan wuri a sayi marar riga, a yi aikin yadda ya kamata: rami mai faɗin santimita 30 da zurfin 45 zuwa 60, a shimfiɗa ƙyallen tace ƙasa wanda ba saƙaƙƙe ba ya rufe gindi da bango biyu, a zuba tsakuwa wankakkiya mai girman milimita 20 har kaurin santimita 5, a kwantar da bututu, a cika da tsakuwa, a naɗe ƙyallen ya haɗe a sama, sannan a rufe da ƙasa mai yashi santimita 10 a mayar da ciyawa. Mita 20 na irin wannan rami, in zurfinsa santimita 45 ne, zai ci tsakuwa kusan mita kubik 2, nauyin tan 3 ke nan ko kusa da haka. Tsakuwa mai ƙura ba ta da amfani a nan, ƙurar ce za ta fara toshe shi.

Kafin a karɓi aikin ma a gwada ƙasar. A haƙa rami mai zurfin santimita 30, a cika shi da ruwa ya tsotse, a sake cikawa. In ruwan bai sauka da santimita 2.5 a awa ɗaya ba, ƙasar ba ta shan ruwa, kuma ramin tsotsewa a ƙarshen layin ba zai yi komai ba. Dole a sami mafita ta gaske, wurin da ya fi gindin ramin ƙasa, wanda doka ta yarda a zubar da ruwa, ba filin maƙwabci ba. A sa raga a bakin don ɓeraye da kwaɗi.

Kuskuren da ke ɓata sunan mai aiki shi ne haɗa ruwan rufin gida da wannan bututu. Ruwan sama na milimita 25 a kan rufi mai murabba'in mita 100 lita 2,500 ne. In aka tura shi cikin bututu mai huji, zai fito ta hujin ya jiƙa wurin da ake son busarwa. Ruwan rufi a ba shi nasa bututun marar huji.

Lokacin haƙa shi ma yana da muhimmanci, kuma a nan ne matsin masu gida ke sa a yi gaggawa. A dunƙula ƙasar a hannu; in tana murzuwa kamar igiya tana ƙyalli, a dakata. Haƙa yumɓu a jiƙe yana shafe bangon rami ya rufe ƙofofin da ruwa zai bi, bango yana zaftarewa, baro kuma yana danne ƙasa har saiwa ta rasa iska. In babu makawa, a shimfiɗa katako a hanyar baro, a zuba ƙasar haƙa a kan tamfol, a haƙa iya abin da za a rufe a ranar. A tabbatar da inda wayar lantarki da bututun ruwa suka bi kafin diga ta taɓa ƙasa.

Ga filin ciyawa da lambun da ƙafa kawai ke takawa, muna ba da shawarar wannan bututu mai gaɓa-gaɓa. A ƙarƙashin hanyar mota, ko kusa da manyan bishiyoyi da saiwarsu ke neman ruwa, ko inda gangara ba ta kai santimita 1 a mita ba, a ɗauki PVC mai tauri, hujinsa na kallon ƙasa. Ko wanne aka zaɓa, a ɗaga wani reshe mai murfi a farkon layin don wankewa da ruwa mai ƙarfi, domin ƙarfen buɗe kwata mai juyawa yana iya yaga mai gaɓa-gaɓa.