Na kai laptop Ikeja a haɗa min Ubuntu da Windows, saura ƙiris lissafin Baba ya salwanta

Makon jiya na kai laptop ɗina Computer Village da ke Ikeja domin a saka min Ubuntu, wato wani nau'in Linux mai tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi, kusa da Windows 11, in riƙa zaɓar wanda zan shiga idan na kunna. Ina koyon rubuta manhaja da daddare, malaminmu kuma da Linux yake koyarwa. Windows ɗin kuwa ba zan iya rabuwa da shi ba, don a cikinsa lissafin albasar Baba ta kasuwar Mile 12 yake, shekara uku cur a Excel, har da sunayen masu bashi. Wani abokina na Agege ne ya haɗa ni da mai gyaran, ɗan Arewa ne, shagonsa na wani lungu kusa da titin Otigba.

Hannunsa da sauri, wannan kam ba zan hana masa ba. Ya yanko gigabait 100 daga faifan, ya ɗora Ubuntu 24.04 daga filashinsa, ko awa biyu ba a yi ba sai ga GRUB, allon zaɓin da ke fitowa idan an kunna, ya fito da sunayen biyu a jere. Muka shiga Ubuntu, intanet na kamawa, sauti na fita. Na biya har da ƙarin na shan ruwa, na hau danfo ina murna. Windows ɗin ne mai gyaran bai gwada buɗewa a gabana ba.

Bayan isha'i Baba ya ce in duba masa bashin wani mai saro buhuna. Ina zaɓar Windows sai allo ya koma shuɗi, BitLocker, makullin da Windows ke kulle faifai da shi, na neman mabuɗi mai lamba 48. Wallahi gabana faɗuwa ya yi. Na kira mai gyaran, amsar da ya ba ni ita ce ta fi ƙona min rai: "Ɗan'uwa, kawo ta gobe mu goge mu sake saka sabo, abu mai sauƙi ne." Na ce, "Malam, dukiyar mutane ce a ciki fa." Sai ya ce ai ban gaya masa ba. To shi ya tambaya? Mutumin da sana'arsa ke nan kullum, bai ce in kwafe fayilolina ba, bai duba ko faifan a kulle yake ba, kawai ya shiga BIOS, wato saitin na'urar na asali, ya kashe Secure Boot, tsaron da ke tantance manhajar da za ta tashi da na'ura, alhali Ubuntu na tashi lafiya lau ko da tsaron na kunne. Wannan canjin ne ya sa Windows ya ɗauka an taɓa na'urar, ya rufe ƙofa. Baba na zaune a tabarma bai ce uffan ba, shirun nan ya fi min faɗa ciwo.

Allah ya taimake ni, Yayana da ke Kano ne ya fara saita laptop ɗin da asusunsa na Microsoft, mabuɗin na ajiye a can. Wajen ƙarfe sha ɗaya ya karanto min lambobin shida-shida ta waya, ina bugawa hannuna na rawa. Windows ya buɗe, komai na nan.

Washegari na koma a fusace, amma mutumin ya ba ni haƙuri a gaban yaransa, ya mayar da Secure Boot, ya gwada ɓangarorin biyu sau uku, bai karɓi ko sisi ba. Har na sauko, na ce to, kuskure ne.

Kwana biyu bayan haka na makara shiga aji da awa guda, saboda agogon Windows na komawa baya duk lokacin da na fito daga Ubuntu. Linux na ajiye agogon na'ura a kan UTC, wato lokacin da duniya ke auna agogo da shi, Windows na karanta shi a matsayin lokacin gida, mu kuma Najeriya muna gaba da awa ɗaya. Layi ɗaya na timedatectl, umarnin saita agogo a Linux, ya gyara shi, malaminmu ne ya nuna min. Haka Fast Startup ma, saitin da ke hana Windows rufewa gaba ɗaya don ya tashi da sauri, mai gyaran ya bar shi a kunne, shi ya sa Ubuntu ya ƙi bari in ajiye komai a ɓangaren Windows. Sau biyu na je shagon nan, ko ɗaya daga cikin waɗannan bai ambata ba.

Yanzu dai na'urar na aiki yadda nake so. Idan canjin allo ne ko batiri, zan iya komawa wurinsa. Amma ƙanwata da ke son a yi mata irin wannan haɗin, na ce ta bari sai Asabar, ni da malaminmu za mu zauna mu yi mata, bayan mun kwafe fayilolinta mun rubuta mabuɗin a takarda.